Firjin gwanjo: arha a kasuwa, tsada a mita

Tun da aka sa mana mita mai kati na fara lura da wani abu da da can ban damu da shi ba. Za ka loda wutar dubu goma ka ce to wannan ai za ta kai mu sati biyu, kwana biyar sai ka ji mita ta fara kuka, kowa a gida ya hau zargin dutsen guga da hita. Eh suna ci, dutsen guga kan ja wajen wat 1000, amma minti nawa ake yi da shi? Ɓarawon gaske yana can lungun kicin yana gurnani dare da rana.

Firji nake nufi. Namu ɗan Beljiyam ne, robar ƙofarsa ta saki har sai an tokare da kujera, kwampiresa ba ta hutawa, in ka taɓa bayansa kamar ka taɓa murhu.

A watan Afrilun 2024 NERC, hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki a Najeriya, ta ɗaga kuɗin wutar 'yan Band A, wato waɗanda aka ce sun fi kowa samun wuta, zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan rage amma har yanzu yana sama da 200. Hukumar makamashi ta Ghana da ta auna firjin gidajen mutanensu ta tarar kowane ɗaya na shan kusan yunit 1,200 a shekara, wato 100 a wata kenan, ka buga da kuɗinmu ka gani, sama da naira dubu 20 duk wata a kan sanyaya ruwa da ragowar miya. Wannan shan wutar ne ya sa Ghana ta hana shigo da tsofaffin firji tun 2013, sababbin kuma dole a manna musu takardar taurari mai nuna yadda suke shan wuta, mai saye ya san abin da zai kai gida.

Sannan ga gas ɗin cikinsu. Da yawa daga tsofaffin nan R12 ne ko R134a, na farkon shi ne mai cinye rufin ozon da yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina yinsa, na biyun kuma yana riƙe zafi fiye da hayaƙin kabon sau dubu da wani abu. Mai gyara zai zo ya huda bututu, fuuu ya tafi sama, in firjin ya mutu gaba ɗaya 'yan jari bola su fasa su cire jan ƙarfe su banka wa soson wuta a bayan gari, yara na wasa a wajen.

Na san amsar da za a ba ni in na ce mu ma a hana firjin gwanjo, kuma gaskiya ce: matar da ke ƙanƙara da zoɓo da kunun aya tana ciyar da 'ya'yanta ba ta da kuɗin sabo. Wallahi ban ga laifinta ba. Amma ai Ghana ba hanawa kawai suka yi ba, sun yi shirin ka kawo tsohon naka a rage maka kuɗin sabo. Wannan nake so SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya, da ma'aikatar wutar lantarki su kwaikwaya, a fara da masu sana'ar ƙanƙara a Kano da Maiduguri da Sakkwato kafin zafin bazara ya shigo.