Bugu biyar na tambari, da gardamar da ta hana mu barci

Jama'a, yau zan kauce wa siyasa da tsadar kaya, in taɓo abin da na san wasunku za su ce wannan bawan Allah ya rasa aikin yi. Maganar gogen Turawa ce. Wanda ba ta dame shi ba ya wuce abinsa, ba mu ɓata ba.

Daren Asabar ni da wani abokina muka raba dare muna gardama a kan kiɗa ɗaya tak, wanda Beethoven, Bajamushe mai tsara kiɗa, ya tsara a 1806 domin mai goge guda da taron makaɗa a bayansa. Irin wannan tsari shi suke kira konshato, kuma Beethoven bai kammala wa goge irinsa ba sai wannan. Su kiɗansu a rubuce yake a takarda, shi ya sa mai shi ya mutu tun 1827 amma har gobe ana bugawa, ana ɗauka a faifai. Takarda ɗaya ce, sai dai tuwo ma ai gari ɗaya ne, hannun mai tuƙi ke bambanta shi. Gardamarmu ke nan: hannun wa ya fi?

Abokina masoyin wani gwanin goge ne mai suna Heifetz, na a mutu. Faifan da yake rantsuwa da shi shi ne na 1955, wanda Jascha Heifetz ya yi da makaɗan Boston, Charles Munch yana jan ragama. Ni kuma na ce masa, Malam, gwanintar Heifetz ba abin musu ba ce, amma a wannan kiɗan ya yi kamar mutumin da ya zo gaisuwa ya bar mota a kunne a ƙofar gida. Cikin kusan minti 38 ya gama abin da wasu ke kai wa minti 45 ko fiye. Yatsunsa ba sa tuntuɓe ko sau ɗaya, sautin gogensa kamar wuƙar da aka wasa yanzu. To amma sai me? Ka gama ji ka ce kai, wannan mutum gwani ne. Ba ka ce kai, wannan kiɗa ya taɓa ni ba.

Bari in faɗi ma'aunina, don kada a ce son rai ne kawai. Wannan kiɗa ba da goge yake farawa ba. Da tambari yake farawa, bugu huɗu a hankali, na biyar ya faɗo tare da masu busa. Kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa da ladabi. Daga nan mai gogen, wanda dominsa aka taru, zai tsaya cak sama da minti uku bai taɓa tsirkiya ba, yana sauraro. Wannan bugu kuwa ba ya ɓacewa. Yana komawa hannun masu ƙananan goguna, ya koma bakin masu ƙaho, ya dawo wa tambari, har ƙarshen kashi na farko yana nan a ƙasa yana tafiya kamar bugun zuciya. Mu da muka tashi da kalangu da ganga ba sai an koya mana wannan ba, mun san mai waƙa da ba ya jin makaɗinsa ya ɓata wasa komai zaƙin muryarsa. Don haka duk faifan da na saka, abin da nake nema ɗaya ne: mai gogen nan yana jin tambarin, ko kansa kawai yake ji?

Akwai wurin da asirin kowa ke tonuwa. A tsakiyar kashi na farko kiɗan yana yin duhu, komai ya lafa, gogen ya shiga wani irin kuka marar hawaye, masu ƙaho kuma suna maimaita bugun nan a ƙarƙashinsa ƙasa-ƙasa. Heifetz yana ratsa wurin tsaf, kyakkyawa, ya wuce. Yehudi Menuhin kuwa, a faifansa na 1953 da makaɗan Philharmonia na Landan, Wilhelm Furtwängler yana jan ragama, nan yake zama. Hannunsa bai kai na Heifetz tsabta ba, ko abokina ya fi ni saurin nuna inda ya ɗan karce, kuma ban musa ba. Amma ana jin mutum ne da ya ga abu a duniya. Menuhin Bayahude ne, kuma a 1947, shekara biyu da gama yaƙin duniya na biyu, ya tafi Balin ya yi wasa da Furtwängler, wanda ake zargi saboda ya zauna a Jamus yana aiki a zamanin Hitila. Ya sha zagi a kan haka. Ba na cewa tarihi yana gyara sautin goge, amma idan na ji su biyun a wannan wuri, ba na iya raba kunnena da abin da na sani. Furtwängler ya rasu shekara guda bayan ɗaukar faifan.

David Oistrakh a goge, André Cluytens yana jan ragama, 1958, a Faransa: sauti mai kauri da ɗumi kamar kunun gyaɗa da safiyar hunturu. In baƙo ya ce in ba shi faifai ɗaya ya fara da shi, wannan zan ba shi, ba zai yi da-na-sani ba. Na Anne-Sophie Mutter na 1979, Karajan yana jan ragama, lokacin tana 'yar shekara 16, abin mamaki ne a ce yarinya ce, amma Karajan ya ja tafiyar har sai da tambarin ya yi gyangyaɗi. Ban cika komawa gare shi ba.

Yanzu ga wanda na tsaya a kansa, wanda ya sa abokina ya ajiye kofin shayi ya ce lallai ban san kiɗa ba. Wolfgang Schneiderhan, ɗan Biyana babban birnin Ostiriya, da makaɗan Balin, Eugen Jochum yana jan ragama, 1962.

Dalilina yana wurin da ake kira kadenza. Kusa da ƙarshen kashi na farko duk makaɗa sukan yi shiru, a sakar wa mai goge fili shi kaɗai ya nuna abin da ya iya. Beethoven bai rubuta wa goge wannan wuri ba, ya bar shi a buɗe. Shi ya sa kowa ke aro. Yawanci suna buga wadda Fritz Kreisler ya rubuta, kuma tana da kyau ƙwarai, akwai inda take haɗa amo biyu a lokaci guda har ka rantse masu goge biyu ne. Wasu ta Joseph Joachim, wani gwanin goge na da, suke ɗauka. Heifetz ta malaminsa Leopold Auer ya gyara wa kansa. Gidon Kremer a 1980 ya zo da ta Alfred Schnittke, wadda ta kwaso guntaye daga kiɗan Brahms da Bartók da Berg da Shostakovich ta zuba a ciki. Na ji sau biyu, na yaba ƙarfin hali, na ajiye.

Schneiderhan sai ya tuna wani abu. A 1807 Beethoven ya mayar da wannan kiɗa na piyano, bisa roƙon Muzio Clementi mai buga takardun kiɗa a Landan, kuma a can ya rubuta kadenza da hannunsa. Me ya sa a ciki? Tambari. A filin da aka ce na mutum ɗaya ne, sai ya kira mai tambarin ya ce zo mu yi tare. Schneiderhan ya ɗauko wannan ya mayar wa goge, ya bar tambarin a wurinsa. Ranar da na fara ji, tsigar jikina ta tashi. Bayan minti ashirin yana ƙwanƙwasa ƙofa daga ƙasa, ga shi an buɗe masa ya shigo tsakar gida, shi da goge suna ba juna amsa, har da wani ɗan taken maci mai ban dariya. Abokina ya ce wannan ɗan macin wasan yara ne a tsakiyar zance mai nauyi. Na ce to ka je ka gaya wa Beethoven, shi ya rubuta. Kuma ko ba kadenzar, Schneiderhan shekaru ya yi yana zaune a kujerar shugaban masu goge a babbar ƙungiyar makaɗan Biyana kafin ya fita shi kaɗai. Ya saba jin na kusa da shi. Ba ya tsere wa kowa, ba ya danne kowa.

Ba shi kaɗai ya bi wannan hanya ba, Isabelle Faust da Claudio Abbado ma sun dawo da tambarin a nasu faifan da ya fito a 2012, da sauti siriri mai haske, kuma ga wanda ƙarar tsohon faifai ke damunsa, shi ne zaɓi.

Wani abin dariya, kiɗan nan da muke ta da jijiyar wuya a kansa bai karɓu ba da farko. Franz Clement ne ya fara buga shi a Biyana ranar 23 ga Disamba 1806, kuma ana ba da labarin cewa takardun sun iso masa a ƙurarren lokaci, kusan a gaban jama'a ya karanta. A daren ne kuma aka ce ya buga wani kiɗan nasa a kan tsirkiya ɗaya, da gogen a kife, don burge 'yan kallo. Na ce wa abokina, tsirkiya ɗaya? Da ya leƙo wajenmu ya ga masu goge da ba su taɓa sanin ta biyu ba. Daga nan kiɗan ya kwanta kusan shekara arba'in, sai a 1844 wani yaro ɗan shekara 12, Joseph Joachim, ya buga shi a Landan, Mendelssohn yana jagora, sannan duniya ta farga.

In zan yi wa abokina adalci, akwai inda ya kayar da ni. A kashi na uku, mai tsalle-tsallen nan kamar rawar ƙauye, babu wanda ya kamo ƙafar Heifetz. Can saurin nasa ya zama ado. Schneiderhan a wurin ya ɗan yi kamar dattijon da aka ja shi fili dole, yana rawa yana riƙe da hularsa. Na amsa masa wannan, shi kuma ya ƙi amsa mini nawa.

Mun rabu wajen ƙarfe biyu na dare. Da asuba sai ga saƙonsa a WhatsApp, ya turo mini faifan Heifetz da Toscanini na 1940, wai wancan na 1955 ba shi ne na ainihi ba, in saurari wannan tukuna. Na saurara. Shi ma motar a kunne take.