Littafin bashin masu shaguna a bakin jami'a

A makon jiya hanya ta bi da ni Aliero, sai na tsaya wurin mai shayin da ya ciyar da ni kusan shekara huɗu lokacin da nake ɗalibi. Teburinsa yana nan inda na san shi, a gefen titi, tsakanin shagon mai fotokofi da rumfar mai cajin waya, gwangwanayen madara a jere, burodi a cikin leda, tukunyar shayi tana tafasa a kan gawayi. Bayan mun gaisa ya tambayi iyali, sai ya jawo wani littafi daga ƙarƙashin tebur, irin wanda 'yan firamare suke rubutu a ciki, bangonsa ya sha maiƙo har ya yi baƙi. Ya buɗe mini shafina na da, wanda ya ja wa layi daga sama har ƙasa ranar da na biya shi. Daga nan ya ci gaba da buɗe wasu shafukan da ba a ja musu layi ba, masu su kuwa sun gama karatu sun bar garin tun shekarun baya.

Na ce: "Baba, duk da wannan har yanzu kana ba da bashi?" Ya ce: "Ɗiyan mutane na, an turo su nesa da gida. Yaro ya taho ya ce bai ci komi ba tun jiya, ni ko ga ruwa bisa wuta, ƙaƙa zan yi in kore shi?"

Wannan littafin ne ya sa ni yin rubutun nan, domin na daɗe da gamsuwa cewa ƙananan masu sana'a da ke kewaye da manyan makarantunmu suna ɗauke da wani kaso na nauyin karatun 'ya'yan talakawa, kuma ba a cika sa su a lissafi ba. Kafin a kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kebbi a 2006, abin da aka fi sanin Aliero da shi albasa ce da masu ɗorin karaya. Zuwan ɗalibai ne ya haifar da wata kasuwa ta daban a bakin titi: masu tireda, mata masu garau-garau da awara, masu buga takardu da kwamfuta, teloli, masu aski, masu wanki da guga, 'yan ga-ruwa, 'yan kabu-kabu, daga baya kuma masu POS. Haka abin yake a Kalgo tun da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ta fara aiki bayan kafa ta a 2013, haka kuma yake a Argungu da Zuru. Duk inda aka tara matasa dubbai da ba su da madafa kuma ba su da albashi, wani ne zai ciyar da su kafin kuɗin gida su iso, kuma wanin nan yawanci mutum ne da jarinsa bai kai kuɗin makarantar ɗalibi biyu ba.

Abin da ɗalibai da yawa ba su lura da shi ba shi ne, mai shayin da ke rubuta sunansu shi ma a rubuce yake a littafin wani. Burodin da ke teburinsa na gidan burodi ne, sai ya sayar yake kai kuɗin. Kiret ɗin ƙwai da katan ɗin indomi daga wurin dila ya karɓo su, a kan alƙawarin zai biya ranar kasuwa. Mai tireda da ya je Jega ko Birnin Kebbi saro kaya, rabin abin da ya ɗoro wa mota amana ce aka ba shi. Ribar da ke cikin kofin shayi ɗaya ba ta taka kara ta karya ba, saboda haka idan ɗalibi ɗaya ya tafi da bashin wata biyu, ya wuce riba ya shiga cikin uwar kuɗi, kuma mai shayin zai sayar da kofuna masu yawa kafin ya cike gurbin. Idan irin wannan ya taru daga mutum goma ko ashirin a ƙarshen shekarar karatu, dila zai daina ba shi kaya, daga nan kuma teburin ya fara raguwa har wata rana a wayi gari babu shi.

Ga kuma kalandar makaranta, wadda ita ce damina da ranin waɗannan mutane. Ana bayar da hutu titin zai yi tsit, mai fotokofi ya share ƙurar injinsa ya zauna, amma kuɗin hayar shago ba ya zuwa hutu. A 2020 an rufe makarantu saboda korona, a 2022 kuma yajin aikin malaman jami'o'i ya ɗauki wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. An yi ta maganar shekarar da ɗalibai suka yi asara, kuma gaskiya ne sun yi, amma ban ji an yi maganar matar da ta sayar da tukwanenta ta biya haya ba. Ɗan gari mai gona yana iya komawa fadama ya rungumi albasarsa. Baƙon da ya zo domin ɗalibai kawai, shi ba shi da wurin komawa. Suna fara farfaɗowa sai ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023, sai kuma cire tallafin man fetur a 29 ga Mayun wannan shekarar, inda lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki. Mai buga takardu da janareto ya ji wannan a jikinsa tun ranar farko, kuma bai isa ya ninka kuɗin shafi yadda man ya ninka ba, domin ya san aljihun masu zuwa wurinsa.

Na san za a ce wasu daga cikinsu suna tsawwala farashi idan sun ga ɗalibi, musamman lokacin rajista da lokacin haɗa kundin kammala karatu. Akwai masu yin haka, kuma ban goyi bayansu ba. Sai dai wanda ya ga an yi masa tsada yana da damar ya wuce shago na gaba, wanda aka gudu da kuɗinsa kuwa ba shi da lambar gidan kowa. Mafi muni shi ne masu nuna saƙon banki na ƙarya ga tsohuwar da ba ta iya karanta abin da ke fuskar waya ba, su karɓi abinci su tafi.

Mu da muka yi karatu mun san ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Mun kuma san hadisin da ya nuna cewa ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi. Baba mai shayi ya sauke nasa nauyin, ya rubuta. Saura namu.

Tun 2024 gwamnatin tarayya ta fara bai wa ɗalibai lamunin karatu ta asusun NELFUND, har da kuɗin kashewa na wata-wata. Ina roƙon duk ɗalibin da kuɗin nan suka shigo masa ya fara da littafin da sunansa yake ciki kafin ya sayi data ko sabon takalmi. Ina kuma ganin ƙungiyoyin ɗalibai, musamman na ƙananan hukumomi da na jihohi waɗanda suka san kowa da gidansu, za su iya zama da shugabannin 'yan kasuwar bakin makaranta a ƙarshen kowane zango, a duba sunayen masu shirin tafiya, a tuna musu cikin sirri ba tare da tozarta kowa ba. Ɗalibi yana zagaya ofisoshi a sa masa hannu cewa ɗakin karatu ba ya bin sa littafi kafin a sallame shi. Ba zai gagara ba a samar da irin wannan tsakanin ɗalibai da masu shaguna, ko da ba a hukumance ba. Wanda da gaske ba shi da halin biya, ya je ya faɗa da bakinsa ya nemi a ɗaga masa ko a yafe, domin yawancin mutanen nan da na sani za su yafe idan aka zo musu da mutunci.

Kafin in tashi na roƙi Baba ya bar ni in duba shafukan shekarar da muka gama, na sami sunaye bakwai da na gane, kusan dukansu yanzu suna aiki. Ba zan sa sunan kowa a nan ba. Na fara kiransu ɗaya bayan ɗaya, biyu sun riga sun turo nasu, ɗaya ma ya ƙara da kuɗin kiret ɗin ƙwai, sauran biyar ɗin kuma zan sake kiransu ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.