Allah ya sa maganin shaƙar nan ya iso ga marasa lafiya

Binciken da ake yi na tura maganin tabon huhu kai tsaye cikin huhu ta hanyar shaƙa ya taɓa ni sosai. Mahaifinmu ya yi fama da tabon huhu, daga ɗaki zuwa banɗaki sai ya dafa bango yana haki. Magungunan pirfenidone da nintedanib, da Amurka ta amince da su a 2014, saurin cutar kawai suke ragewa, tabon da ya zauna ba ya gogewa. Nintedanib ɗin da ya sha kuwa gudawa ta hana shi sakat, ga gwajin hanta a kai a kai. In maganin zai sauka a huhu kaɗai, ciki da hanta za su huta. Amma abin yana matakin bincike ne, don Allah kada kowa ya ajiye maganin da likita ya rubuta masa.