Dalar gilashin Louvre da maganar 666

Ana ta yaɗa cewa dalar gilashin da ke farfajiyar gidan tarihi na Louvre a Paris an haɗa ta da gilasai 666, wai alamar Shaiɗan aka ɓoye. Sam ba haka ba ne. Gilasan 673 ne: 603 masu kusurwa huɗu, 70 masu kusurwa uku. I. M. Pei, Ba'amurke haifaffen Sin, ya zana ta, aka buɗe a 1989. Babbar ƙofar shiga ce, tana kuma zubo hasken rana har zauren da ke ƙarƙashin ƙasa. Ina jin takaicin wannan jita-jita, domin tana ɗauke hankali daga kyan aikin: ka tsaya a ƙasa ka ɗaga kai, sai ga tsohuwar fadar sarakunan Faransa fes ta cikin gilashin.