Ku gwada shafin a ƙaramar waya kafin ku kai wa oga

Maganata yau da 'yan uwanmu masu gina shafukan intanet ce, da shugabannin makarantu, ma'aikatu da kamfanoni masu ba su aikin. Abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Yawancin shafukan da ake ginawa a ƙasar nan, don a burge wanda zai sa hannu a biya kuɗin aikin ake gina su. Shi kuwa a ofis zai duba, a babbar kwamfuta, da intanet mai ƙarfi. Wanda zai yi amfani da shafin yana can Gumel ko Illela ko Potiskum, riƙe da ƙaramar waya mai tsagaggen gilashi, datarsa ta kusa ƙarewa, sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Ranar da ake tsara shafin ba wanda ya tuna da shi.

Buɗe shafin wata makaranta ka gani. Hoton shugaba ne zai fara cika maka allo, sai wasu manyan hotuna masu juyawa da kansu, sai dogon jawabin maraba. Alhali abin da ya kawo uba ko ɗalibi bai wuce tambaya uku ba: yaushe za a rufe rajista, nawa ne kuɗin, a ina za a biya. Amsar tana can a binne cikin wata takardar PDF da aka ɗauki hotonta a karkace, sai ka sauke ta ka yi ta ja da yatsa kafin ka karanta layi ɗaya.

Hotunan nan kuma yadda suka fito daga kyamara haka ake loda su, kowanne megabait huɗu ko biyar. Ana iya matse hoto ya koma ƙasa da kilobait 200, kuma a allon waya ido ba zai gane bambanci ba. Aikin minti biyu ne, amma ba a yi, sai a bar talaka ya biya da datarsa. A watan Janairun 2025 hukumar kula da sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari, don haka duk megabait ɗin banza daga aljihun wani yake fita. Google ma ma'auninsa shi ne babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Facebook da duk arzikinsa sai da ya fitar da Facebook Lite a 2015, manhajar da ba ta kai megabait ɗaya ba a lokacin, domin masu ƙananan wayoyi da sabis ɗin 2G. Sun san inda jama'a suke, sun je sun same su.

Amma inda abin ya fi yi mini ciwo shi ne fom. Na zauna a wani kafe, wato shagon intanet, kusa da wata yarinya da ta zo neman gurbin karatu, mahaifinta na tsaye a bayanta da kuɗin biya a hannu. Mai kafe ya rubuta sunanta, wanda ke da ɗan wakafin nan na sama, irin na Asma'u da Sa'adatu. Fom ya yi ja, ya ce sunan ba daidai ba ne. Ya goge wakafin, aka wuce. Aka zo hoton fasfo, aka ce kada ya wuce wani ɗan ƙaramin nauyi, ba a kuma faɗi yadda za a rage shi ba. Kafin ya gama ragewa lokacin da shafin ya ware ya cika, ya jefo su waje, duk abin da aka cike ya goge. Uban bai ce komai ba, sai ya ƙara ciro kuɗi ya miƙa na wani awan.

Ku duba abin da goge wakafin nan yake haifarwa. Suna a takardar makaranta daban, a katin NIN daban, a banki daban. Wata rana za a ce ba su yi daidai ba, a tura yarinya kotu neman takardar rantsuwa kan sunan da aka raɗa mata tun ranar suna. Rabi'u, Isma'il, Ja'afar, Mas'ud, sunaye nawa ke gare mu masu wannan alama? Ɗanladi da Ƙasimu kuma sai ka ga harafin farko ya koma akwati ko alamar tambaya. Na san dalilin da wasu ke hana wakafin: tsoro suke kada ɓarayin intanet su bi ta nan su kutsa rumbun bayanai. Tsoron na da tushe, amma maganinsa sananne ne ga duk mai sana'ar, wato a raba umarnin da ake ba rumbun da abin da mutum ya rubuta. Haruffan ƙ, ɗ, ɓ da ƴ kuwa tuntuni suna cikin Unicode, tsarin da kwamfuta da waya ke gane haruffa da shi, kuma akwai salon rubutu na kyauta irin Noto da ke nuna su tsaf. Bahaushe ya gina shafi don Hausawa, shafin ya ƙi karɓar sunan mahaifiyarsa, wannan sakaci ne, ba ni da wani sunan da zan ba shi.

Sai biyan kuɗi. An cire kuɗi a asusu, shafi ya tsaya yana juyi, babu rasit, babu saƙo, babu lambar wayar da za a kira a ɗauka. Mutum bai sani ba ko ya sake biya ko ya jira. Layi ɗaya da zai ce an karɓi kuɗinka, ga lambar shaida, kada ka sake biya, ya isa ya kwantar da hankalin dubban mutane.

Kada wani ya ce rashin kuɗi ne. A ranar 1 ga Oktoban 2013 gwamnatin Amurka ta buɗe shafin inshorar lafiya na HealthCare.gov bayan kashe maƙudan daloli, amma a ranar farko mutum shida kacal suka iya kammala rajista. An tilasta wa kowa buɗe asusu kafin ya ga farashi, ba a kuma gwada shafin da yawan jama'a yadda ya kamata ba. A Birtaniya kuwa, shafin gwamnati na GOV.UK da aka buɗe a Oktoban 2012 baƙin rubutu ne kan farin allo, kusan babu hoto, fom ɗinsu na yi maka tambaya ɗaya a kowane shafi. A 2013 shi ya ci kyautar zane ta shekara ta gidan Design Museum da ke Landan. Ƙa'idar masu shafin ta farko ita ce a fara da buƙatar mai amfani da shafin. Da a nan aka kai wa wani oga irinsa, cewa zai yi ba a yi aiki ba.

Akwai kuma waɗanda ake mantawa da su gaba ɗaya. Makaho na amfani da waya ta hanyar TalkBack, manhajar da ke karanta masa abin da ke allo. Idan sanarwa hoto ce ba rubutu ba, ba lallai ta iya karanta masa ba. Dattijon da idonsa ya yi rauni ba zai ga siririn rubutu ruwan toka a kan fari ba, balle a tsakar rana a bakin kasuwa. Ƙa'idojin WCAG na duniya, masu sauƙaƙa wa nakasassu amfani da shafuka, sun ce bambancin hasken rubutu da na bayansa ya kai 4.5 bisa 1, kuma kayan aunawa kyauta ne.

Masu shafukan labarai da na waƙoƙi, ku ma ku ji tsoron Allah. Tallan da ke rufe labari, da maɓallin saukewa na ƙarya da ke kai mutum shafin caca, cin amanar mai karatu ne. Haka masu wallafa jerin sunayen masu neman aiki haɗe da lambobin wayarsu, ku sani tun Yunin 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a.

Ranka ya daɗe mai ba da kwangila, gyaran daga wajenka zai fara, domin abin da ka yaba shi za a ci gaba da kawo maka. Kafin ka biya cikon kuɗi, kira masinjan ofis ko mai gadi, ya ciro wayarsa, a kashe masa Wi-Fi, ka ce ya nemo kuɗin rajista ya cike fom har ƙarshe, kada kowa ya taya shi. Duk inda ya tsaya yana lalube, a rubuta a mayar wa mai aikin. Sannan a sa a cikin yarjejeniya wanda zai riƙa sabunta sanarwa, wanda zai biya kuɗin sunan shafin duk shekara, da wanda zai ɗauki waya a makon da ake rufe rajista.