'Yar robar kunnen tunkiya

Satin da ya wuce wani abokina ɗan Pakistan mai shagon nama a Bradford nan Ingila ya ja ni kasuwar dabbobi ta Skipton, wai in zo in ga tiken Turawa. Ni da na tashi ina bin Baba kasuwar Talata Mafara na ce a raina me za a nuna min, to wallahi har yau abin bai bar ni ba.

Wuri ne shafe da siminti, ko'ina shingen ƙarfe, a tsakiya ga wani fili zagayayye da kujeru hawa-hawa, mai gwanjo na can sama yana zuba kamar kanari, masu saye kuwa ba mai cewa uffan, ɗaga yatsa ko gyaɗa kai shi ke nan an sallama. Tumakin kowace da 'yar roba ruwan ɗorawa a kunne, ana koro su ta wani siririn lungu na'ura na ɗaukar lambarsu ɗaya bayan ɗaya, ba mai ƙirga da baki balle a yi musu. Wani dattijo manomi ya ɗauko wata sanda ya kara a kunnen tunkiyarsa, ta ce ƙit, lamba ta fito. RFID suke kiran abin. Ba batir a ciki, ɗan mitsitsin cip ne da siririyar waya a naɗe, sai na'urar ta matso take ba shi wuta ya faɗi lambarsa, kuma daga lambar ake sanin garken da aka haife ta da gonakin da ta bi. Tun 2010 ya zama dole a kan tumaki, bayan Birtaniya ta sha wuya a 2001 da cutar nan ta baki da ƙafa da Fulaninmu ke ce wa boru, dabba sama da miliyan 6 aka kashe.

Sai dattijon ya tambaye ni, ku can in an sace muku ya kuke gane naku? Ba da mugun nufi ya yi ba. Na yi dariya na ce tsagen kunne da lambar wuta, amma raina ya sosu.

Don a 2019 dare ɗaya aka kwance wa Baba shanun huɗarsa biyu. Yayana ya yi sati uku yana bin kasuwanni, har ya ga ɗaya a wani tike, ya kira shi da sunan da muke kiransa san ya waiwayo, amma dillali ya ce malam ina shaidarka? Haka ya dawo gida. Damanar nan da fartanya aka yi ta.

Na san za a ce ɓarawo ai sai ya yanke kunnen, gaskiya ne, kuma abin ba ya nuna inda dabba take a daji. Amma nan dabbar da ba ta da lamba ba ta sayuwa, mahauta ba za su karɓa ba, to sata in babu mai saye ina amfaninta? Botswana ma da ke nan Afirka sun taɓa ɗura wa shanu irin cip ɗin a ciki ya zauna a tumbi. Mu fa a 2021 rufe kasuwannin dabbobi aka yi a Zamfara aka kashe sabis ɗin waya, mai gaskiya da ɓarawo kowa ya sha. Kuma na san ranar da aka ce a kawo shanu a yi rajista mutanenmu za su ce jangali ne ya dawo, ba na ganin laifinsu. Bafulatani ya san kowace nagge da uwarta da kakarta ba tare da wata roba ba, Bature bai kai shi nan ba ko kusa, sai dai sanin nan a kansa yake, ba ya zama hujja gaban dillali.

Da dare na kira Baba ina ta zuba masa labarin sanda da roba, ya bar ni har na gama, sai ya ce to madalla, bana ma can za ka yi babbar sallah? Na ce masa ina nan ina neman hutu. Bara ma abin da na ce ke nan.