Baitin da Paul Robeson ya goge daga Ol' Man River

Da wuya ka samu wanda ya san waƙar Ol' Man River bai santa da muryar Paul Robeson, mawaƙi baƙar fata ɗan Amurka, ba. Kuma masu ba da tarihinta kusan duk wuri ɗaya suke tsayawa su yi tafi, wato lokacin da Robeson ya sauya baitukan da farar fata ya rubuta, ya juya waƙar haƙuri ta koma ta gwagwarmaya. Ina ganin girman mutumin ƙwarai, amma a nan ina da ja. A wajena, baitin da ya fi kowanne nauyi a waƙar shi ne wanda ya goge.

Ga wanda bai san asalinta ba, waƙar ta fito ne daga Show Boat, wasan daɓe mai haɗe da waƙe-waƙe da aka buɗe a birnin New York ranar 27 ga Disamba, 1927. Jerome Kern ne ya tsara kiɗan, Oscar Hammerstein II ya rubuta baitukan, labarin kuma daga littafin Edna Ferber na 1926 aka ɗauko shi. Labari ne na wani jirgin ruwa mai suna Cotton Blossom da ke yawo da 'yan wasa gari-gari a kogin Misisipi, tun daga shekarun 1880. Florenz Ziegfeld da ya zuba kuɗinsa a wasan, an san shi ne da tara 'yan mata masu rawa da ƙyalƙyali. Mutane suka sayi tikiti don su sha dariya, labule na buɗewa sai suka yi ido biyu da baƙaƙen fata 'yan dako suna lodin auduga, suna cewa su ke aiki, fararen fata na hutawa.

Mai rera waƙar a cikin wasan shi ne Joe, lebura a jirgin. 'Yar mai jirgi ta ga wani saurayi ya burge ta, ta tambayi Joe ko wane ne, shi kuma ya ce ta je ta tambayi tsohon kogi. Daga nan ya shiga waƙa. Kogin nan, in ji shi, ya san abubuwa amma ba ya cewa uffan. Ba ya shuka dankali, ba ya shuka auduga, waɗanda suke shukawa kuwa an manta da su. Ku tuna dilar auduga ɗaya tana kai kilo 225, kuma a kogin nan ne aka riƙa gangarawa da bayi zuwa kasuwar New Orleans a sayar, har “a sayar da kai can ƙasan kogi” ya zama barazanar da bawa ya fi tsoro. Shi ya sa a tsakiyar waƙar leburorin ke roƙon a raba su da Misisipi da farin ubangida, a nuna musu kogin Urdun. Wannan daga waƙoƙin coci na bayi aka aro shi. A cikinsu haye Urdun na iya nufin mutuwa da hutun lahira, yana kuma iya nufin tsallake kogin Ohayo zuwa jihohin da babu bauta.

Akwai kuma abin da 'yan kallon 1927 ke ɗauke da shi a ka. A farkon shekarar ne Misisipi ya yi ambaliyar da ta raba mutum fiye da 600,000 da gidajensu. A garin Greenville, an tsare baƙaƙen fata a kan ganuwar tare ruwa, sojoji da bindiga a kansu, aka tilasta musu aikin sauke kaya. Ba ina cewa don ambaliyar aka rubuta waƙar ba. Ina cewa duk wanda ya ji ta a Disambar nan, ya san kogin da ake magana ba na tatsuniya ba ne.

Kern da Hammerstein da Robeson a ransu suka tsara rawar Joe, amma jinkirin buɗe wasan ya sa Jules Bledsoe ne ya fara rera ta. Robeson ya karɓa a Landan a 1928, ya sake a New York a 1932, sannan a fim ɗin 1936. Wannan mutum ba ƙaramin abu ba ne. Mahaifinsa ya gudo daga bauta yana ɗan shekara 15, shi kuma ya yi fice a ƙwallon Amurka a jami'ar Rutgers, ya karanta lauya a Columbia. Ya kuma taɓa shan ɗaci. A 1935 ya fito a fim ɗin Sanders of the River, wanda aka gina labarinsa a Najeriya ta zamanin Turawa, a matsayin basarake mai biyayya ga jami'in mulkin mallaka. Da ya ga yadda aka haɗa fim ɗin ya zama kirarin daular Ingila, sai ya barranta da shi. Ina kyautata zaton wannan ɗacin na cikin abin da ya sa ya daina yarda a sa masa magana a baki.

Daga ƙarshen shekarun 1930, in zai rera waƙar a taro, sai ya gyara ta. Inda Joe ke cewa yana so ya zama kamar kogin, ya ce ba ya so. Inda aka ce ka ɗan bugu da giya a jefa ka kurkuku, ya ce ka ɗan nuna jarumta a jefa ka kurkuku. Wannan gyaran na biyu na yarda da shi ɗari bisa ɗari, domin ya fi na asali faɗin gaskiyar abin da ke kai baƙin mutum gidan yari a kudancin Amurka. Haka ma kalmar zagin nan ta ƙasƙantar da baƙar fata da waƙar ta zo da ita tun farko, wadda aka yi ta sauyawa a 1936 da 1946 da bayan nan, ba ni da kewarta.

Matsalata tana baitin ƙarshe. Joe ya ce ya gaji da rayuwa, kuma yana tsoron mutuwa. Robeson ya mayar da shi cewa dole ya ci gaba da yaƙi har ya mutu. Na Robeson ya dace da filin taro, yana sa a ɗaga hannu. To amma jama'a, wanne ya fi tona asirin zalunci? Mutumin da ke yaƙi yana da sauran fata. Wanda aka matse har rai ya ishe shi, mutuwar ma da ake yi masa alkawarin hutu a cikinta yana jin tsoronta, wannan an ƙwace masa duniya an kuma girgiza masa lahira. Tun da farko ya roƙi a nuna masa Urdun, ga shi a ƙarshe yana tsoron hayewa. Wanda ya taɓa zama kusa da 'yan dako a kasuwa bayan magariba ya san ba taken juyin juya hali suke yi ba, cewa suke yi “jiki ya mutu”, gobe kuma su dawo. Ban ga raini a faɗin haka ba. Kuma kogin da ke ta gudu bai damu ba, ai shi ne ƙarar da waƙar ta shigar. In ka cire gajiyar Joe, shirun kogin ya daina ciwo.

Na san abin da za a ce mini, kuma akwai gaskiya a ciki. A cikin wasa Joe ne ke magana, amma a taro Robeson ne tsaye da sunansa, kuma fararen fata da yawa suna jin daɗin ganin ƙaton baƙin mutum yana waƙar miƙa wuya. Haƙurin wanda aka zalunta abu ne mai daɗin saurare ga wanda ya yi zaluncin. Dubi yadda mawaƙi farar fata Frank Sinatra ya rera ta a wani fim na 1946, sanye da fararen kaya fes, tsaye a kan dandamali kamar ango, yana waƙar ɗaukar dila. Nan ne waƙar ta zama fanko, ba a bakin Joe ba. Hammerstein dai bai ji daɗin gyaran ba, ya ce Robeson ya rubuta nasa waƙoƙin ya bar masa nasa.

Abin da ke hana ni zafafawa shi ne Robeson ya biya kuɗin baitinsa. A 1949 'yan daba suka far wa taronsa a garin Peekskill na jihar New York da jifa. A 1950 gwamnatin Amurka ta ƙwace fasfonsa saboda kusancinsa da 'yan gurguzu, ba ta mayar ba sai 1958. A tsakani, ya hau bayan babbar mota a kan iyakar Kanada a 1952 ya yi wa dubban mutane waƙa, a 1957 kuma ta wayar tarho ya rera wa masu haƙar kwal na Wales. Amma ba waliyyi ba ne. Mutumin da ya ƙi yin shiru a kan Misisipi ya yi gum a kan ta'asar Stalin, shugaban Tarayyar Soviet, har ya karɓi lambar yabonsa ta 1952.

In za ku nema, ku fara da na fim ɗin 1936, inda yake zaune a bakin ruwa yana fiƙe ɗan itace, baitin gajiya na nan yadda aka rubuta shi. Sannan ku nemi na 1960, da ya rera wa leburori masu ginin gidan opera na Sydney a Ostireliya. Ku ji su a jere, ku zo mu yi gardama. Ni dai na 1936 nake maimaitawa.